Ɗan mahauta a unguwar Footscray

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin, duk sanda na ɗauko waya sai in ajiye, don akwai abin da ban cika son faɗa ba a ciki. To bari in fara da shi in huta. Ni ɗan mahauta ne. Babanmu fawa yake yi a Zariya, kakanmu ma ita yayi, kuma da kuɗin nama aka biya min makaranta tun daga firamare har na gama jami'a. Amma tun ina sakandare idan aka tambaye ni sana'ar babana sai ince ɗan kasuwa ne, in yi sauri in sako wata maganar. Bayan bautar ƙasa na nemi wata yarinya, shekara biyu muna tare, magana ta je gun manya aka yi bincike, aka dawo akace yaro dai ba shi da laifi amma gidansu... ba'a ƙarasa ba, kowa ya gane. Babanmu bai ce komai ba, da asuba ya ɗau wuƙaƙensa ya tafi kwata kamar kullum. Ni kuwa, Allah ya yafe min, haushinsa na riƙa ji maimakon haushin waɗanda suka ƙi ni.

Da wannan ciwon na sauka Melbon ta ƙasar Ostireliya a watan Fabrairun 2015, na samu tallafin karatun digiri na biyu. Wani ɗan Somaliya da muka haɗu a masallaci yace in kana son ɗaki mai sauƙi da naman halal ka nufi yamma, ka tsallaka kogin Maribyrnong. Haka na samu ɗaki a gidan wani tsoho kusa da tashar jirgin ƙasa ta West Footscray, gidan katako ne da bishiyar lemon tsami a baya, matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a wani gari. Yace in riƙa kiransa da sunansa kai tsaye kamar yadda suke yi, nace ina, bakina ba zai iya ba, mutum ya girmi babana. Sai nake ce masa Baba, ya tambaye ni ma'anarsa na faɗa masa, yayi dariya yace ya karɓa.

Abin da na fara lura da shi a gidan, komai ja ne da fari da shuɗi. Kofin shayi, bargo, agogon bango, har kwandon shara. Kuma ko'ina hoton wani kare mai murtukakkiyar fuska. Nace a raina yau na shigo gidan masu bautar kare. Ashe tambarin kulob ɗin ƙwallon unguwar ne, Footscray, da ake wa laƙabi da Bulldogs.

Ni da na taso a gidan kallo, ɗan Arsenal tun zamanin Henry, da yace min zo mu kalli ƙwallo sai na gyara zama. Wallahi minti goma na farko ban gane komai ba, ashe ƙwallon Ostireliya ce, ba irin tamu ba. Fili kamar ƙwai, ƙwallon ma kamar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, babu raga babu mai tsaron gida babu satar gida, turaku huɗu ne kawai a tsaye a kowane ƙarshe. In ka buga ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6, in ta bi gefe maki 1, wato ko ka ɓarar ma ana baka ladan ƙoƙari. Ana kama ƙwallo da hannu, ana naushinta a bawa ɗan'uwa, ana gudu da ita amma duk mita 15 sai ka buga ta da ƙasa, wani ya taka gadon bayan wani ya tashi sama ya cafke kuma alƙali yace daidai ne, har a tafa masa. Nace Baba wannan ai dambe ne da kokawa da langa aka haɗa waje ɗaya. Yace menene dambe, na fara masa bayani, sai na tuna dambe ai wasan mahauta ne tun asali, da kalangu ake zuga su, sai na yanke maganar.

Asirina a kicin ya tonu. Na sayo kafaɗar rago gun wani mai shago a kasuwar Footscray, ina cire ƙashi ina waya da kafaɗa, ban san yana tsaye a bayana ba. Da na gama yace wa ya koya maka riƙon wuƙa. Nace a gida ne kawai. Yace me babanka yake yi. Nace ɗan kasuwa ne. Ya kalle ni ya kalli ƙashin da na fitar fes babu ko tsoka a jiki, yace bakinka ya faɗi nasa hannunka ma ya faɗi nasa. Sai ya miƙo min hannunsa na hagu, ɗan yatsa ɗaya guntu ne, yace yana shekara 15 ya shiga aiki a babbar mayanka ta unguwar, a sashen cire ƙashi, bai bari ba sai da aka rufe wajen, babansa ma can yayi. Da ƙarfi yake faɗa, kamar yadda wani zai ce ubana alƙali ne.

Washegari ya ja ni muka taka zuwa filin kulob ɗin, Whitten Oval, tafiyar minti kaɗan ce daga gida. A hanya da kan benci ya bani tarihin, kuma ba rana ɗaya ba, kusan shekara biyu yana bani shi guntu-guntu, wani wajen ya maimaita sau goma.

Yace kafin ka gane kulob ɗin sai ka gane warin unguwar. Da can masu kuɗi suna gabashin birni, duk wani aiki mai ƙazanta sai a turo shi yamma bakin kogi, mayanka, majema, masu narka kitse, masu niƙa ƙashi, masana'antar igiya, ta harsashi. Jini da ruwan jima duk a kogi suke ƙarewa. In kace daga Footscray kake sai a toshe hanci ana dariya. To 'ya'yan waɗannan ma'aikatan ne suka kafa kulob tun wajajen 1877, suka shiga gasar VFA, wadda daga baya ta zama ta biyu a daraja bayan manyan kulob sun ɓalle sun kafa tasu VFL. A can ƙasan suka ci kofi 9. A 1924 aka haɗa wasan sadaka don sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙi, zakaran ƙaramar gasa da zakaran babba, Footscray da Essendon, 'yan kwata suka lallasa manya. Shekarar da ta biyo, 1925, aka buɗe musu ƙofar babbar gasa tare da Hawthorn da North Melbourne.

Daga nan kuma sai wahala. Kofi ɗaya tak, 1954, suka doke kulob ɗin Melbourne 102 da 51, Charlie Sutton shine kyaftin shine koci. Baba yana ɗan shekara 13, yace a kafaɗar wani maƙwabci ya ga rabin wasan, babansa kuwa bai dawo gida ba sai bayan kwana biyu. Ya zaci haka za'a riƙa yi duk shekara. A 1961 suka sake zuwa wasan ƙarshe Hawthorn ta cinye su, shikenan, aka shiga fari.

A ƙofar filin akwai gunkin Ted Whitten ya ɗaga ƙafa yana bugu. Baba baya wucewa sai ya taɓa shi, ni dai ina gefe ina a'uzubillahi a zuci. Wasa 321 mutumin ya buga wa kulob ɗin daga 1951 zuwa 1970, ɗan unguwa ne, ana masa laƙabi da uban ƙwallon gaba ɗaya. A 1995 ciwon daji ya ci ƙarfinsa har idonsa ya kusa tafiya, aka zagaya da shi babban filin MCG a mota yana ɗaga hannu mutane suna kuka, watanni biyu bayan nan ya mutu, aka sauya wa filin unguwar suna daga Western Oval zuwa sunansa.

Amma labarin da Baba ya fi so, wanda in ya fara sai shayinsa ya huce, shine na Oktoban 1989. Lokacin masana'antu sun rurrufe, mutane ba aiki, kulob ya ƙare kusa da ƙasan teburi, bashi ya kusa dala miliyan 2. Kawai aka wayi gari labari ya fito cewa an gama magana a ɓoye, za'a haɗe Footscray da Fitzroy, a tashi daga filin unguwar a koma wancan ɓangaren birni. Kuma sun san ba wasa bane don a 1982 an kwashe South Melbourne ɗungurungum an kai Sidni. Yace yana aske gemu ya ji a rediyo, matarsa ta zauna a bakin gado tana kuka kamar an aiko da rasuwa.

Wata mata mai goyon bayan kulob ɗin, Irene Chatfield, ba mai kuɗi ba ba mai muƙami ba, ita ta sa sunanta a takardar ƙara, wani lauya ɗan unguwar Peter Gordon ya tsaya mata, kotu ta sa aka dakata, aka basu kamar sati uku su nemo dala miliyan ɗaya da rabi ko a rufe. Ranar Lahadi aka kira gangami a filin, sama da mutum dubu goma suka zo. Baba yace ya ga yara sun zo da asusunsu an fasa a kan tebur, ya ga tsofaffi masu fansho suna juye jaka, ya ga wanda ya san watansa shida ba aiki ya ajiye takardar kuɗi ya juya da sauri don kar a gane shi. Shi aka bashi gwangwani, kullum in ya taso daga aikin gadin da yake yi lokacin sai ya tsaya a danja yana kaɗa shi har dare, matarsa tana gasa kek tana sayarwa a ƙofar kanti, ƙungiyoyin ƙwadago suka sa hannu, har magoya bayan kulob ɗin da suke gaba da su suna sauke gilashi suna jefa sulalla suna zaginsa a lokaci guda. Kafin wa'adi ya cika kuɗi suka haɗu, aka fasa haɗewar. Fitzroy ɗin da akace ita zata haɗiye su, a 1996 ita aka haɗe da Brisbane aka kai ta wata jiha. In Baba ya zo nan baya murna, sai yace su ma mutane ne, suna da tsofaffinsu.

Gwangwanin yana nan a kan firij har lokacin da nake gidan, ya yi tsatsa.

Ƙarshen 1996 shugabanni suka sauya suna zuwa Western Bulldogs don a jawo duk unguwannin yamma, daga baya manyan wasanni ma suka bar filin unguwar suka koma babban fili mai rufi a Docklands. Baba bai taɓa furta sabon sunan ba ko sau ɗaya a gabana. Sai ya juya rigar ya nuna min ƙananan haruffa uku a bayan wuya, FFC, wato Footscray Football Club, yace ga sunan gaskiya nan. Ni a ganina sauyin ya taimake su, don yanzu unguwar 'yan Biyetnam ne da Habasha da Somaliya da Sudan da Indiya, kuma yaransu na can nesa su Werribee ma suna jin kulob ɗin nasu ne, amma ban taɓa faɗa masa ba, ina son ɗakina.

Sau bakwai suna zuwa wasan kusa da na ƙarshe ana koro su, 1985, 1992, 1997, 1998, 2008, 2009, 2010. Na 1997 da maki 2 Adelaide ta fitar da su bayan suna gaba, wannan ko ambatonsa ba'a yi a gidan. Matarsa ta rasu bata ga kofi na biyu ba. Ni da nake ganin mu 'yan Arsenal mun san haƙuri, sai na ji kunya.

A hankali na tsinci kaina ina duba teburi, ina sanin sunayen 'yan wasa, ina ihu a falo. Har na yanki katin zama ɗan kulob na ɗalibai. Da azumin 2016, wanda ya faɗo tsakiyar sanyinsu, yini gajere kamar an yanke, Baba ya riƙa jira na sai an sha ruwa mu ci tare, yace ai ba daɗi mutum yana ci wani yana kallo. Shi ya fara bani labarin Bachar Houli na Richmond, musulmi ɗan yammacin Melbon mai tsayar da sallah da azumi yana buga babbar gasa, yace ka gani, naku ma suna ciki.

Shekarar ta fara da mugun abu, a wasa na uku kyaftin Bob Murphy ya tsinke jijiyar gwiwa, shekara ta ƙare masa. Raunuka suka yi ta bin su, suka ƙare na 7, kuma ba'a taɓa cin kofi daga na 7 ba. Aka tura su Perth gun West Coast, kowa yace sun tafi karɓo duka, suka ci. Suka dawo suka fitar da Hawthorn mai riƙe da kofi uku a jere. Suka je Sidni suka tsallake GWS, wani kulob na can, da maki 6, Baba ya kalli mintunan ƙarshe ta tsakanin yatsunsa. A satin nan unguwar ta haukace, mutane suna fenti gidajensu da katangarsu ja fari shuɗi, mai sayar da miyar taliya ɗan Biyetnam ya rataya tuta, mai kofi ɗan Habasha ya rataya, wata tsohuwa 'yar Somaliya na gani da hijabi har ƙasa ta naɗa sikaf ɗin kulob a kai.

Wasan ƙarshe ya faɗo Asabar 1 ga Oktoba, ranar 'yancin Najeriya. 'Yan ƙasarmu sun haɗa taro da shinkafa dafa-duka a wani ɗakin taro, nace musu ina da uzuri. Abokan karawa Sydney Swans ne, wato South Melbourne ɗin nan da aka kwashe. Baba yaƙi zuwa ko'ina, ya zauna a kujerarsa, ya shimfiɗa sikaf ɗin matarsa a kan tata kujerar, ya sauko da gwangwani ya ajiye a tebur. An tafi hutun rabin lokaci Sydney tana gaba da maki 2, na tashi zan yi la'asar, ya riƙo hannuna yace ka sa mu a ciki. Na tsaya a kan sallaya ina tunanin yadda zan roƙi Allah ya bawa karnuka nasara. Daga ƙarshe nace ya Allah ka faranta ran tsohon nan, Kai ka san hanya.

Saura 'yan mintuna, Dale Morris wanda ashe da karaya a ƙashin baya yake buga wasannin nan, ya kamo Lance Franklin na Sydney ya kayar, ƙwallo ta zube, Tom Boyd ya ɗauka daga tsakiyar fili ya narka mata ƙafa, ta faɗi tayi tsalle ta shige tsakiya. Ni ina kan kujera a tsaye ina ihu da Hausa. Jiniya ta tashi 89 da 67. Shekara 62. Na juyo, Baba bai motsa ba, hawaye kawai ke bin gemunsa, hannunsa mai guntun yatsa yana kan sikaf ɗin. Da aka zo raba lambobi koci Luke Beveridge ya kira Bob Murphy kan dandamali ya cire tasa lambar ya rataya masa, nan ne Baba ya fashe da kuka mai sauti, nima ban san sanda na bi shi ba.

Muka fita titin Barkly, mota bata wucewa, mutanen da basu san juna ba suna rungume-rungume. Wani tsoho ya hango Baba ya taho da sanda, ashe tare suka yi aiki a mayanka. Baba ya dafa kafaɗata yace masa wannan yarona ne, daga Najeriya, babansa irinmu ne, mahauci. A tsakiyar titi, da ƙarfi. Tsohon ya kama hannuna ya jujjuya yace to ka gaishe shi, ka ce masa wani ɗan'uwansa yana gaisuwa. Na buɗe baki in ce ɗan kasuwa ne, maganar taƙi fitowa. Nace zai ji.

Muna komawa gida na kira ƙanena, a can hantsi ne, nace ka kai wa babanmu waya a rumfa ka kunna bidiyo. Rabona da in kira shi don kaina ba don gaisuwar sallah ba, na manta. Ya fito da rigar aiki duk jini, yana cewa lafiya dai ko. Nace lafiya lau Baba, wani ne yake son ku gaisa. Na haɗa tsofaffin biyu ina musu tafinta. Minti biyar ba'a yi ba suka daina buƙatata, wannan ya ɗago wuƙarsa wancan ya ɗauko tasa daga durowa, wannan ya nuna tabon hannunsa wancan ya nuna guntun yatsa, suna ta dariya. Babanmu ya tambaya saniya nawa suke yankawa a rana a can, da na faɗa masa abin da Baba yace sai yace kai, faɗa masa ya ji tsoron Allah. Sannan yace wai me ake murna ne naji hayaniya. Nace ƙungiyar mahautan garin ce ta ci kofi bayan shekara 62. Yace to Allah ya sanya alheri, ai mahauci baya gaggawa.

Na gama karatu na dawo gida a 2017. Daren da zan taho Baba ya naɗo wani abu a tawul ya bani, ƙarfen wasa wuƙarsa ne, mariƙin ya sha hannu har ya yi sulɓi, yace ka kai wa babanka, ni na gama da shi. Nace gwangwanin fa, cikin wasa. Yace wannan a'a, ba'a sani ba ko za'a sake buƙata. Babanmu da na bashi ya jujjuya shi, ya goga wuƙa sau uku ya gwada a gashin hannunsa, yace mutumin nan ya san aiki. Dutsensa na da ya bar wa yara.

A 2020 lokacin kulle 'yarsa ta turo min saƙo cewa Baba ya rasu cikin barci. Na faɗa wa babanmu, yayi shiru, yace Allah sarki, mutumin kirki.

Yanzu ina koyarwa, ranar Asabar kuma ina rumfa ina riƙe masa lissafi, ɗalibaina suna zuwa sayen nama su same ni a can. A Satumban 2021 kulob ɗin ya sake zuwa wasan ƙarshe, da Melbourne, aka buga a Perth saboda korona. Na sayi data na zauna kan benci a bayan rumfa da waya a hannu da hantsi. Muna gaba da maki 19 a zango na uku, har na fara miƙewa, sai abu ya juye kamar an buɗe famfo, aka tashi 140 da 66. Babanmu yana ta kaf-kaf da ƙarfen nan bai ɗago ba yace yaya karnukan naku.

Nace an cinye mu Baba.

Yace to ajiye wayar ka zo ka kama min cinyar nan, mai tsire yana jira.